Hannuna ya ƙi kwamfuta tun rasuwar 'yata

Anti, don Allah ki ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni mai buga takardu ce a ma'aikatar gwamnati tun ina budurwa. Karatuna bai yi nisa ba, amma ban taɓa jin kunyar aikina ba. Bana aka zo da sabon tsari, aka kwashe tafiretocinmu aka jibge a sito, aka ce kowa sai ya ci jarrabawar kwamfuta, wanda ya faɗi a sallame shi. 'Yata ta fari ce take koya mini a falo in ta taso aiki. Takan yi mini dariya, wai ina dukan madannan kamar sun yi mini laifi, sai ta ɗora hannunta kan nawa.

Kwana kaɗan ta yi tana jinya, Allah Ya karɓi abarSa.

Tun daga nan, in na zauna gaban kwamfuta sai yatsuna su sandare, in fake da zuwa banɗaki. Matasan ofis suna gaishe ni da ladabi, amma ba mai miƙo mini aiki. Ƙanena ya ce in ajiye in huta. Maigida ya ce duk abin da na zaɓa. Jarrabawar ta ƙarato. In na bar aikin, ni wace ce kuma? Gidan ma shirunsa ya yi mini yawa.

Daga uwa mai jimami

'Yar'uwata, Allah Ya jiƙanta, Ya sanyaya miki zuciya.

Ƙanenki bai yi laifi ba. Kin yi wa aikin nan bauta, hutu haƙƙinki ne. Sai dai ba a yanke irin wannan hukunci da ɗanyen ciwo, kuma ke da bakinki kin ce zaman gida ba zai yi miki daɗi ba.

Ki sami shugabar sashenku ki gaya mata gaskiya, ki roƙi a ɗaga miki jarrabawar. Sau da yawa ana yi wa mai makoki uzuri, in ya buɗe baki. Ki daina gwadawa a falon nan. Ki nemi abokiyar aiki ku riƙa zama kaɗan-kaɗan a ofis, in kuka ya zo ki yi abinki, ki share, ki ci gaba. Haruffan suna nan inda yatsunki suka san su, ƙarfe kawai aka sauya.

Ki shiga jarrabawar. In kin fito kika ji har yanzu hutun kike so, ki tafi da ƙafarki, ba kora ba.

Allah Ya ba ki sa'a, Ya ƙara miki haƙuri.