Kujerar Auta da Kwaɗo Biyu

Litinin, 6 ga Janairu

Haƙorin nan ya sake tashi. Na can ciki, ɓangaren hagu. Tun a mota yake zogi, ko da na iso sito kumatuna ya yi suntum. Mai Hatimi, jami'ar kwastam ɗin da aka turo mana bara, ta dube ni ta ce, "Baba, don Allah ka je a cire maka abin nan mana." Na ce mata haƙorin yana da likitarsa, tana tafe. Ta yi dariya ta sa makullinta, na sa nawa. Haka muke kowace safiya: kwaɗo biyu a ƙofa, ɗaya na kwastam, ɗaya na masu sito. Ita ba ta buɗewa sai da ni, ni ba na buɗewa sai da ita.

Na fara zagaye daga layin ƙarshe, kamar kullum. Akwatin yana nan. Farin katako, ya kawo mini kafaɗa, da ɗaurin ƙarfe da hatimi. A ciki kujerar aikin haƙori ce ta 'yata Auta, da fitilarta da ƙarafunanta. Ranar da ta auno ta daga ƙasar da take aiki, ta ce mini a waya, "Baba, kujera ta riga ni, ina bayanta." Na ce to ni zan fara zama a kai, kada ta kuskura ta ɗora wani kafin ni. Ta ce ta yi alkawari. Shekara ta zagayo, ga shi tana neman sake zagayowa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Uwar yara ta ce ina tauna da gefe ɗaya kamar raƙumi. Kanumfari da ruwan gishiri. Ya lafa.

Asabar, 25 ga Janairu

Wani sabon ɗan kasuwa ya zo yau, wai zai ɗauki kwali ɗaya daga kofunansa ya nuna wa mai saye. Na ce ba hali. Ya hau ni da faɗa, "Kayana ne fa! Da kuɗina na saya!" Na ce na sani, malam, zauna ka sha ruwa. Kayan da ke cikin sito irin namu, a ido suna ƙasar nan, amma a doka ba su shigo ba tukuna. Sai ran da aka biya musu haraji suka ƙetare wancan jan layin na bakin ƙofa. Kafin nan ajiya ce, ko mai su ba ya taɓawa. Ya tafi yana ƙunƙuni.

Bayan ya fita na samu kaina a layin ƙarshe, na dafa akwatin. Bayanin da na yi wa mutumin nan, ni ma shi nake yi wa kaina kullum, kuma ni ma ba ya shiga ta. Kai, ina kewar yarinyar nan. Na rubuta a nan tunda ba mai karantawa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mai Hatimi ta kira ni gefe, abin da ba ta saba ba. Wa'adin akwatin zai cika ƙarshen Afrilu. Kamar ban sani ba! Na fi ta shekaru a aikin nan, amma na tsaya ta jero mini: ko mai shi ta zo ta fito da shi, ko a mayar da shi waje, ko a kwashe shi zuwa sito na gwamnati a yi gwanjonsa. Kuma kayan asibiti ne, ba a sakinsu sai ga mai lasisin aikin, ita da kanta. Uba ba ya tsaya mata.

Na san sito na gwamnati. Can ake kai kayan da masu su suka yasar. Rufi yana yoyo, kwalaye sun jiƙe sun bushe sun sake jiƙewa, 'yan gwanjo suna zagayawa suna ƙwanƙwasa akwatuna da ƙafa. Kujerar 'yata a wurin nan? Allah ya kiyaye.

Na kira Auta da la'asar. "Zan duba, Baba." Jikan nawa yana tsala kuka a bayanta, yaron da ban taɓa ɗauka ba, sai a allon waya. Mijinta ya leƙo ya gaishe ni da ladabi. Ta tambayi haƙori, na ce lafiya lau. Ƙarya.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na yi abin da zan yi wa wani dariya a kansa. Da hutun rana na bi layin situna ɗaya bayan ɗaya, wai ko zan samo wa akwatin mafaka ya ƙara kwana.

Namu na kowa da kowa ne, duk ɗan kasuwar da ya zo mu ba shi wuri. Na tsallaken titi kuwa na kamfanin taya ne shi kaɗai. Mai kula da shi abokina ne, tare muka fara aiki. Ya ce, "Haba mutumina, lasisinmu na kayanmu ne kawai. Ko allura ta wani aka gani a nan, rufe mu za a yi." Na wuce na masu sanyi, inda ake ajiye magani da kifi. Can kuwa dariya suka yi, suka ce kujera ruɓewa take yi? Ɗan iskan sanyin ɗakin ya bugi haƙorin, sai da na ga taurari.

Na ƙarshe shi ne wanda aka yarje musu su yi aiki a kan kaya tun ba a biya haraji ba. Fanka suke harhaɗawa. Na tsaya a ƙofa ina kallon yadda suke fito da guntaye daga kwali, kafin ka ce me abu ya tsaya da ƙafarsa. Sai na riƙa ganin kujerar a tsaye a tsakiyar wurin, an kunna fitilar, Auta da farar riga tana cewa buɗe baki. Har mai gadi ya tambaye ni ko wani nake nema.

Na dawo na gaya wa Mai Hatimi dabarata. Ta ce, "Baba, ka fi ni sani. Ko sito goma ka kai shi, wa'adi akwatin yake bi, ba ɗaki ba." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi. Ban ƙara yi mata magana ba har muka kulle.

Lahadi, 9 ga Maris

Na share ɗakin gaba. Tun bara na yi masa farin fenti, na sa aka jawo famfo, na buɗe masa ƙofa ta titi don marasa lafiya kada su riƙa ratsa tsakar gida. Uwar yara ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗaki yana zaman banza, ni kuma ina ɗinki a lungu, idona na ƙarewa." Na ce ɗakin yana da mai shi. Ta dube ni wani iri, ta buɗe baki, ta fasa.

Ina shara na tuna Auta tana ƙarama. Ta ɗauko cokali ta ce in kwanta a tabarma, ta riƙa ƙwanƙwasa mini haƙora tana ƙirgawa, ta ce wannan na lafiya ne, wannan ya yi laifi. Da nata na nono ya fara girgiɗi, da kanta ta ɗaure shi da zare ta fizge, ta kawo mini a tafin hannu, jini a haɓa, tana washe giɓi. Tun ran nan nake ce mata likita. Ni na jawo wa kaina, ai.

Juma'a, 14 ga Maris

Auta ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba.

Litinin, 24 ga Maris

Ejen ɗin da ke fito wa mutane da kaya ya shigo da safe yana fara'a. Ya ce, "Baba, ina akwatin nan na likita da za a mayar?" Na ce a mayar ina? Sai fara'ar ta ɗauke. Ya ce ai ya ɗauka na sani, tun makon jiya ta ba shi aikin.

A bakin ejen! Ni da nake riƙe da makullin.

Da yamma Auta ta kira. Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar lokacin da take fasa kofi tana yarinya. An ba ta ɗaki nata na kanta a wani asibiti a can, kujerar take bukata. Ta ce ta rasa ta inda za ta fara gaya mini. "Baba, tunda ba ta shigo ba a doka, za ta fita kamar ba ta taɓa zuwa ba. Kai ka koya mini haka."

Ni na koya mata, ƙwarai. Tana makaranta take zuwa ta zauna a kan buhu ina yi mata bayanin aikina, ina jin kaina. Da za ta auno kujerar, ita ta ce a sa a sitonmu, ni kuwa na ɗauka don ta kasance kusa da ni ne. Ashe ƙofar fita ta bar wa kanta a buɗe.

Na ce Allah ya sa alheri. Uwar yara ta sani tun watan jiya.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ba na cin abinci sosai, na ce haƙori ne. Uwar yara ta ce, "Fushi kake da ni, ka ɗora wa haƙori." Duka biyun ne. Ta ce yarinya tana da miji da ɗa da aiki, so nake ta tsinke su duka don in zauna a kujera? Ban ce ta tsinke komai ba. So nake in ji takunta a tsakar gida, shi ke nan. Laifi ne?

Talata, 8 ga Afrilu

Yau aka buɗe akwatin don dubawar ƙarshe kafin a fita da shi. Mai Hatimi ta yanke hatimi, na zare ƙusoshi da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba.

Shuɗiya ce. Ban taɓa sanin launinta ba, kullum fara nake gani a raina. Tana kishingiɗe a cikin leda, fitilar a naɗe a gefenta, ƙamshin sabuwar fata ya bugo ni.

Mai Hatimi ta gama dubawa, ta dube ni, ta ce, "Baba, na manto biro a ofis. Zan ɗan jima." Biron yana maƙale a aljihunta, ina ganinsa. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Ta fita ta bar ni da kujerar.

Ban zauna ba. Na ɗora hannu a wurin da kai yake kwanciya, na tsaya haka. Ba kujerar nake so ba, mai kujerar nake so, in zauna ba ita a tsaye a kaina, me na yi? Hawaye suka zo, na bar su.

Da ta dawo na rufe da kaina. Na ƙara kwali a kusurwoyi don kada ta gogu a jirgi, na ja ɗaurin har sai da ƙarfen ya yi ƙara. Akwai 'yar hula da na saya wa jikan, tana aljihuna tun safe, amma ba a ƙara komai a kayan ajiya, ko zare. Ta dawo gida tare da ni. Mai injin ɗaga kaya ya zo ya sunkuci akwatin, ya wuce jan layin, ya sa a mota. Inda ya tashi siminti ya fi ko'ina haske.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na hana a sa kaya a wurin har yau. Da safe kwalayen tayil suka iso, ba fili. Na ce a jera su a wurin akwatin.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na je an cire haƙorin. Ba wani abu ba ne, kumburin ne ya kai ido, uwar yara ta sa ni gaba. Wani likita ne a bayan kasuwa, kujerarsa ruwan ƙasa, ta yage a hannu. Ya ce da na zo da wuri da an ceto haƙorin. Na ce masa ya yi aikinsa.

Ban yi niyyar gaya wa Auta ba. Sai ga kiranta na bidiyo da rana, ni kuma auduga a baki. Kalma ɗaya na yi ta gane. Sannan ta ce, "Wa ya cire? Baba, matsa kusa da taga. Buɗe baki in gani." Na buɗe wa waya baki, tsofai-tsofai da ni, uwar yara tana riƙe da ita tana dariya. "Ɗaga kai. Hagu kaɗan." Ta daɗe tana dubawa, fiye da yadda abin yake bukata. Ta ce ya yi aiki mai kyau, kada in kurkure yau, kada in sha abu mai zafi. Jikan ya miƙo yatsa yana dangwalar allon, wai zai taɓa giɓin.

Na ce wa uwar yara ta shigar da keken ɗinkinta ɗakin gaba, akwai haske. Na ɗan lokaci ne, na gaya mata. Ta ce a kira mai gyara ya cire famfon, yana tare mata wuri.

Na ce a bar famfon.