Mota Ba Ruwan Sama Ba Ce

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙanwarki, matata, ta warware daga zazzaɓin, har ta koma kan keken ɗinkinta. Ƙaramar yarinyar kuwa ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a ɗaki, jiya a cikin bokitin wanki na tsinci takalmin aikina.

Yaya, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Maganar Kawu ce ta zaunar da ni rubutu, domin in waya na kira, kuka za ki sa mini kafin in kai aya. Ke kika matsa mini lamba in ɗauke shi aiki. Kika ce ƙafafunsa sun daina son tsani, rufin kwano ya fi ƙarfinsa, kuma mutumin da ya riƙe mu bayan rasuwar Baba bai kamata ya zauna hannu rabbana ba alhali ni ne shugaban ma'aikata. Na ji maganarki na ɗauke shi. To ga abin da ya biyo baya.

Aikinmu shi ne cire tsohon shingen ƙarfe na gefen gadojin babbar hanya mu sa sabo. Tsohon ya ci tsatsa, wani wurin da ƙafa za ki ture shi, ga kogi a ƙasa. Sabon falle-falle yake zuwa, ana ɗora bakin wannan a kan na wancan a ɗaure da noti. Ƙa'ida ɗaya ce tal: fallen da mota za ta fara iskewa shi ke hawa kan na gabansa. In mota ta ƙwace ta gogi shingen, sai ta zame ta wuce. In aka juya, bakin ƙarfen yana kallon mai zuwa, ya huda motar ya shige ciki har inda mutum yake zaune. Ranar farko na yi wa kowa wannan bayani. Kawu yana ta gyaɗa kai, ashe wuyansa kawai yake motsawa.

Gadar da muke kai tana da gangara, wancan bakin ya fi wannan tudu. Muka fara da hannun da motoci ke gangarowa, Kawu ya yi aiki tsaf, ko falle ɗaya bai kuskure ba. Har na yi ta cika baki cewa tsohon hannu daban ne. Da aka kira ni karɓar kaya a wata gadar na kwana biyu, sai na damƙa masa hannun da motoci ke hawa. Ban sani ba, ba ƙa'idata yake bi ba, tasa ce ta masu rufi: na tudu ya hau kan na gangare don kada ruwa ya shiga. A hannun gangara ƙa'idojin biyu sun zo ɗaya. A hannun hawa kuwa, falle ɗari da goma sha huɗu, duk a juye!

Ranar Laraba injiniya ya zo duba aiki. Ya kama tafiya ta inda motoci ke bi yana jan hannun rigarsa a jikin shingen. Duk mahaɗa sai rigar ta maƙale. A ta huɗu ta yage. Ya juyo ya dube ni, wallahi na so gadar ta tsage in faɗa kogin.

Da na ja Kawu gefe, cikin ladabi, har da rusunawa a gaban leburorina, ki san abin da ya ce? Wai shekara arba'in yana rufi, ɗakin da ya rufa bai taɓa yoyo ba, kuma in aka bi tawa ruwa zai kwanta a mahaɗa ƙarfen ya ruɓe. Na ce masa mota ba ruwan sama ba ce, tana hawa tudu. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma shi ya wanke mini kashi. Leburori suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, Yaya, amma me zan ce wa Kawu?

Injiniya ya ce in ba shi sunan wanda ya yi aikin, a ranar mutumin zai bar wurin. Na dubi Kawu can nesa, hular kwano ta yi masa yawa, yana goge sifanarsa ta ɗaure noti da gefen riga. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce laifina ne, ni na tafi ban duba ba, kuma ba ƙarya na yi ba. Nan take aka sauke ni daga shugabancin da na yi shekara tara ina nema, aka ba mataimakina. Yanzu sifana ce a hannuna, muna kwance noti ɗaya bayan ɗaya, an rufe hannu guda na hanya, direbobi suna wucewa suna zaginmu har iyaye.

Kawu bai san an sauke ni ba. Yana gaya wa mutane wai ɗan 'yar'uwarsa ba shi da girman kai, ya baro kujera ya zo koyon aiki a wurinsa. Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Amma yau da hantsi na juya shan ruwa, kafin in dawo ya sake ɗora falle irin na rufi, yana cewa ko guda ɗaya a bar masa a ga wanda zai fi daɗewa. Muƙamina na iya bayarwa saboda shi, na kuma bayar. Ran ɗan wani da zai bi gadar nan ba nawa ba ne balle in bayar.

Saboda haka ke kika kawo shi, ke za ki janye shi, ni bakina ba zai iya ba. Ki aiko masa cewa ɗakinki yana yoyo, kuma ba ki yarda kowa ya taɓa shi ba sai shi. Tsanin kuma maigida ya hau, Kawu ya tsaya a ƙasa yana ba da umarni, ai ya iya. In ɗakin ba ya yoyo, don girman Allah ki sami ƙusa ki huda shi kafin ya iso. Kada ki gaya masa zancen sauke ni, ko bayan raina.

Ki gaida maigida da kyau, da Inna Ƙarama, da 'yan biyu, da Sarkin Kuka in ya yi shiru ya saurara. Ƙanwarki tana gaishe ki. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninki,
Auta