Bishiyar Lemon da ke Littafin Ye-rim

Litinin, 3 ga Maris
An ba ƙanwata Ye-rim lambar yabo a Seoul kan littafinta. Mama ta faɗa wa duk kasuwar garinmu Seogwipo, har mai gasa kifi. Ni da nake koyar da adabi tun Ye-rim na sakandare, ko sunana bai fito ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na karanta littafin. A tsaye, a kicin. Wai wata daula ce, Miru, da wani mai fito ya kafa. Ya dasa lemo a tsakar fada, kowane sarki ya zo ya yi ban ruwa da hannunsa. Na ƙarshe ya sa aka lulluɓe bishiyar da zinariya, ta bushe, daular ta bi ta. Shi ke nan fa. Abin da ake ta ihu a kai.

Asabar, 15 ga Maris
Wani farfesa a rediyo: "Bishiyar nan kwaɗayin masu mulki ce." Kwaɗayin wa? Gonar lemon Baba ce, da ya sare ya gina masaukin baƙi, masaukin ya ci mu. Ni na tsaya a wurin ranar da aka sare. Ita tana goye. Amma ita ta rubuta.

Laraba, 19 ga Maris
Wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malama, da gaske yayarta ce ke? To me ya sa sarakunan ba sa barin bayi su yi ban ruwan?" Na so in ce mu koma darasi. Sai na ji bakina yana bayani har aka buga ƙararrawa, ba wanda ya tashi. Haushi ya hana ni cin abincin rana.

Lahadi, 30 ga Maris
Na kira Ye-rim don in ce babi na tara ya yi sanyi.
"Sai yau, Yaya? Na zaci kin jefa littafin a teku."
"Sarkinki na ƙarshe mugu ne kawai. Baba ba mugu ba ne. Tsoron talauci ne."
Sai ta ce, "Ban san shi kamar ke ba."
Wai za ta turo mini sabon da take rubutawa, kafin kowa ya gani. Na ce ba ni da lokaci.
Da yamma na sayi jan biro. Biyu.