Namijin Darae da Yaya Ta Dafa

Asabar, 15 ga Afrilu
Darae, kurangar kiwin daji, ta farka. Duk sanyin bana, da har famfon tsakar gida ya fashe, bai yi mata komai ba. Kurangar ta fasa toho kore shar. Shukar tana da mace da namiji: mata uku a kan rumfa, namiji ɗaya can jikin katanga. Shekara ta biyar ke nan ina yi musu bauta ban ga ɗa ko ɗaya ba, amma bana jikina na ba ni.
Maman Da-som ta ce, "Baban Da-som, bana ne ƙarshe fa. In ba 'ya'ya gatari zan sa, in shuka barkonona. Mutum ya bar tuƙin bas ya koma renon abin da tsuntsaye ke ci kyauta a dutse." Na ce ta jira ta ga ƙananan kiwi masu santsi, a jefa a baki da ɓawonsu. Ta ce ta ji wannan waƙar bara.

Talata, 2 ga Mayu
Ƙullin fure a jikin namijin. Na cire tabarau na goge, na sake dubawa. Suna nan, karo na farko. Na kasa cin abincin rana.

Asabar, 6 ga Mayu

Yaya Ok-bun ta zo daga Jecheon. Na bar ta da Maman Da-som na tafi kasuwar Yeongwol sayen waya ta ɗaure reshe. Na dawo na tarar da ganye a faranti, an tafasa an kwaɗa da man riɗi da tafarnuwa. Na ci na ƙara, har da santi. Na ce a ina aka sayo?
Yaya ta ce, "Sayo? Ga shi a katangarka yana tsufa a banza."
Na fita ba takalmi. An yi wa namijina aski tas, toho da ƙullin fure duk suna cikina.
Wai ta ma yi hankali. Ta tambayi Maman Da-som wanne ne ba ya haihuwa, aka nuna mata namijin, ta tsinke shi kaɗai ta bar matan don kar ta ɓata min rai. Na ce to matan da wa za su haihu, da ni? Na ce shekara saba'in da huɗu amma ba ta iya ganin kore ta ƙyale ba, kamar akuya.  Ta ɗaure ƙunshinta ta hau bas ɗin yamma.

Lahadi, 7 ga Mayu
Maman Da-som ta ce ita dai gaskiya ta faɗa, namiji ba ya haihuwa. Sauran ganyen yana firiji. Ba zan taɓa ba.

Asabar, 27 ga Mayu
Matan sun buɗe fure, fari tas, ƙamshi har ɗaki. Ƙudan zuma sai kai-komo suke ba abin ɗauka. Na zaga ƙauyen nan kaf, ba mai namiji. Furen ba ya daɗewa. Na ga Maman Da-som tana auna gindin rumfar da ido.

Talata, 30 ga Mayu
Ina ba da ruwa sai ga Yaya a bakin ƙofa, wando duk taɓo, tana ɗingishi, rungume da rassa a cikin jiƙaƙƙen tawul. Furen namiji, baƙin kan nan nasa cike da garin da ke sa matan su yi 'ya'ya. Dutsen bayan tsohon ƙauyenmu ta hau tun asuba, ita kaɗai.
"Ungo angon," in ji ta. "Akuya ce ta kawo."
Na hau tsani ina goga fure a kan fure, tana ƙasa tana miƙo min tana faɗa. "Chun-bae, a hankali, ba motar haya kake wankewa ba." Maman Da-som ma ta ɗauko kujera ta hau, wai don a gama da wuri ne kawai.
Da muka zauna shan shayin sha'ir, Yaya ta ce ita ba ta taɓa ɗaukar darae abin 'ya'ya ba. Shekarar da Baba ya rasu, hatsi ya ƙare sha'ir bai nuna ba, wannan ganyen ta riƙa tsinkowa ina goye a bayanta. "Wa ke da cikin jira har kaka? Da shi ka yi ƙafa." Ban san wannan ba. Na yi ta kallon kofi.

Litinin, 12 ga Yuni
Sun kama! Ƙanana kamar wake, rumfa ko'ina. Na kira Yaya, ta ce in daina ihu kunnenta lafiya lau.

Laraba, 20 ga Satumba
Na matsa ɗaya ya yi laushi. Zaƙi har ƙeya, da ɗan tsami a ƙarshe. Na kai wa Maman Da-som ɗaya a tafin hannu kamar ƙwai. Ta tauna, ta ce, "Barkono ai ko a bayan gida ya yi." Yau ba wanda ya kai ni.

Juma'a, 29 ga Satumba
Bikin girbi, Yaya ba ta zo ba. Gwiwar nan tun hawan dutsen ba ta koma daidai ba, da sanda take tafiya yanzu. Ni na ɗauki kwali na kai mata Jecheon. Ta ɗanɗana ta ce bai kai na dutse ba. Kafin in tashi ta cinye rabi. Na so in ce wani abu kan maganar akuya, sai na ce ta sa sauran a firiji.

Asabar, 4 ga Nuwamba
Na dasa namiji na biyu. Maman Da-som ta ce ɗaya ai ya ishi mata uku. Na ce don tsaro ne, kowane manomi ya san haka. Ta tambayi dalilin da ya sa rumfarsa ba ta wuce ƙuguna ba, kuma me benci ke yi a gefe, ko na mai sanda ne. Na ce katakon ne ya ƙare.