Ni Ba Surukarka Ba Ce

Zuwa ga maigidana, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan randata mai sanyi, uban yarana, mai sunan da bakina bai taɓa furtawa ba. Gaisuwa mai yawa, tare da faɗa, don ka san ban iya ɗaya babu ɗayan ba.

Malam, ni ce fa Nasiratu! Ni ce wannan tsohuwar da ke kawo maka tuwo, kana zubewa ƙasa kana gaishe ta, kana ce mata Inna. Inna ta rasu tun autarmu Samira tana goye. Laifina ne da tsufa ya ɗora mini fuskarta? Likita a nan Tawa ya ce ciwon mantuwa ne, ba sammu ba, ba iska ba. Na karɓa, daga Allah ne. Ka manta hanyar masallaci, na haƙura. Ka yi alwala ka sake yi har buta ta ƙare, na haƙura. Amma ka mayar da ni surukarka? Ka ƙi kai loma baki a gabana saboda kunya, har wando yana zame maka daga ƙugu? Wannan kam ban haƙura ba!

Sai ɗanka Muktari ya zo da nasa gyaran. Ya tono kaset ɗin nan da na aika maka kana cirani a Abijan, tun ba a ɗaura mana aure ba, wanda na ɗauka a ɓoye bayan rumbu lokacin hutun kolej. Ya sa aka juye shi cikin salula. Na ce masa rashin tarbiyya ne ɗa ya saurari abin da uwarsa ta faɗa wa ubansa, bai ji ba. Yaran yanzu sun ɗauka duk abin da aka zuba a salula ya tsira. Abin haushin, dabararsa ta ci.

Da ka ji muryar, sai fuskarka ta saki kamar ƙasar garinmu Kalfu ta sha ruwan farko. Kana riga yarinyar cikin kaset ɗin dariya, don ka san inda za ta yi ta. Kana jin ta kana cin tuwonka, muddin ba na kusa. In ta yi shiru kuma sai ka nemo ni, ka tsuguna, cikin ladabi ka roƙe ni in ba ka ɗiyata.

Haba hasken idona! Ka tuna daminar da ka dawo, ka same mu a gona, ka karɓe sungumi daga hannun yayana, da takalmanka na birni? Kana sara ina binka, ina zuba iri ina rufewa da diddige, ba wanda ya ce uffan, amma duk Kalfu ta gane. Ka tuna? Kai, dubi wautata, ina tambayar mai mantuwa ko ya tuna!

Salula ta adana maka yarinya mai zaƙin murya. To ina matar da ta haifa maka yara, ta binne biyu, ta yi jinyarka? Wa ya ɗauki muryarta? Yarinyar nan ba ta taɓa wanke maka riga ba. Jiya na ɗauki salular na tsaya bakin rijiya, wallahi saura kaɗan. Sai na tuna ƙugun nan naka, na maido ta.

Tunda idonka bai manta baƙaƙe ba ko da ya manta ni, zan miƙa maka wannan takarda da hannuna. Na san za ka karɓa da hannu biyu, kana zaton ɗiyata ce ta aiko. To ka ji saƙonta: ka ci abinci! Zan ajiye akushi, in kunna maka salular, in koma bayan zana in zauna kamar surukar kirki. Ba na son ganin ragowa.

In kuma ka sake tsugunawa kana roƙona, na daina yi maka tsawa. Zan ce na ba ka ita. Gobe in ka manta ka sake tambaya, zan sake ba ka.

Taka, wadda aka ba ka tun tuni kuma ba ta je ko'ina ba,
Nasiratu