Bangon da Bai Kai Kwano Ba

Zuwa ga Alhaji mai sitocin wake a Tudun Wada, Gusau, da shugabannin 'yan kasuwar hatsi da wannan takarda za ta iske.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, ni ne direban nan na hanyar Gusau zuwa Tsafe, mahaifin Kulu, wanda a da ɗakinsa na haya yake bango ɗaya da sitonka na bayan masallaci. Na je ƙofarka ba sau ɗaya ba, ana ce min ka tafi sayen kaya Bunguɗu. Shi ya sa na rubuto a fili.

1. Mun baro ƙauyenmu na wajen Tsafe saboda abin da kowa ya sani. Muka samu ɗaki guda, ni da matata Rabi da 'yarmu Kulu, wadda ta fara zuwa Islamiyya. Bara da kaka ka kama ɗakin da ke jikin namu ka cika shi da buhunan wake. Bangon da ya raba mu bai kai kwano ba, kuma babu silin. Duk wanda ya ɗaga kai zai ga kafar, hannun babban mutum yana wucewa ta nan.

2. Ma'aikatanka suka zuba ƙwayar nan ta kashe ƙwari da ake kira bom, suka liƙe ƙofa da taga, suka tafi. Ba wanda ya ƙwanƙwasa mana. Da yamma ɗakinmu ya ɗauki wari kamar na tafarnuwa, kyankyasai suka dinga faɗowa matattu. Rabi har murna ta yi, wai maƙwabtaka da mai kuɗi ta yi rana. Lokacin sanyi ne, sai ta toshe tagarmu da tsumma.

Ni ranar a Tsafe na kwana, don hanyar ba ta biyuwa bayan magariba. Da na dawo da hantsi na tarar maƙwabta sun ɓalle ƙofa sun kai su asibiti. Rabi ta tashi. Kulu ba ta tashi ba. Tambayar farko da likita ya yi min ita ce ko ana ajiyar hatsi kusa da inda muke kwana.

3. Ka zo ta'aziyya, ban manta ba. Ka zauna a tabarma ɗaya da mu, ka yi doguwar addu'a, ka tuna min cewa kowa da ranarsa. Na ce amin, don gaskiya ne. Dattawan unguwa suka ce in yafe, Alhaji mutumin kirki ne, na ce na yafe. A ranar ko motata aka ce in bayar, da na miƙa makulli. Washegari ka aiko da buhun wake na sadakar uku, daga siton nan.

4. Ba na musun alherinka. Kai kake ciyar da masu buɗa-baki a masallacinmu duk azumi, kai ka haƙa rijiyar burtsatsen da ke bakin layi, sunanka yana jikin tankin. A nan aka ɗebo ruwan da aka yi wa Kulu wanka. Amma Alhaji, ɗan kasuwa ba a wajen rabon sadaka kaɗai ake gane shi ba. Haƙƙin maƙwabci yana cikin cinikin da kansa: inda ka ajiye kaya, abin da ka zuba musu, da wanda yake numfashi a bayan bangon. Gidanka babba ne, ɗakuna a jere, ban taɓa jin an ce ka sauke wake a can ba. Ina zaton ka san dalili.

Kada ka ɗauka fushi ne ya sa na rubuto. Na nemi fushin ban same shi ba. Ina tashi in ɗauki fasinja in sauke, in dawo in ci abin da aka ba ni. Rabi ta daina magana sai an tambaye ta. Mun koma wani ɗaki a ƙarshen unguwa, kuma kafin in shiga sai da na ɗaga kai na duba saman bango.

5. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan. Tsohon ɗakinmu an ba wasu baƙi daga wajen Kwatarkwashi, mata da miji da yara ƙanana. Na faɗa wa mijin abin da ya faru, ya nuna min ba shi da inda zai kai su. Kaka ta kawo kai. Makon nan na wuce na ga ana share sitonka. Kafar tana nan yadda na bar ta.

Roƙona kaɗan ne, kuma diyya ba ta ciki. Ka fitar da wakenka daga gidan da mutane suke kwana. In ba zai yiwu bana ba, ka sa a kai bangon har kwano, kuma duk ranar da za a zuba magani a fitar da mutanen gidan, kai ka nema musu makwanci. Ku kuma shugabannin kasuwa, ku da kuke iya tsayar da farashi cikin yini guda, ku hana 'ya'yan ƙungiyarku yin sito a ɗakin haya.

Sai na ƙarshe: ka aiko a ɗauki buhunka. Ba mu dafa ba, ba mu kuma iya ba wa kowa ba. Yana nan a jingine bayan ƙofa, shekara ta kusa zagayowa, ko ƙwaro ɗaya bai shige shi ba. Maganinka yana aiki.

Allah Ya tsare maka dukiyarka, Ya raya maka 'ya'yanka, Ya sa duk safiya ka tashe su su tashi.

Wassalam.

Mahaifin Kulu,
Tudun Wada, Gusau.