Girebar da Kika Ce Aikin Hannunki Ce

Sauda,

Na fita kina ta sharar barci. Girebar nan mai gyaɗa, wuni guda na yi a tsaye a kanta, kuma kin san don yaran Yaya Labaran na yi, masu zuwa hutun ƙarshen shekara. Kika kwashe rabi kika kai walimar ofishinku, na ƙyale ki. Sai ga hoto kin ɗora, wai "aikin hannuna". Ke da ko ƙwai kika soya sai ya ƙone!

To, shugabarki Hajiya Ummulkhair ta kira ni ɗazu, ta ce wayarki ba ta shiga. Tana son faranti biyu yau. Na ce mata ai ƙanwata gwana ce, ta ma zo da la'asar ta zauna a kicin ta ga yadda kike yi. Ta yi murna kamar me.

Fulawa da sukari da mai suna kan kantar kicin. Gyaɗar ɗanya ce, sai kin soya kin murje. Ni na tafi garin Port Saeed, wayata a kashe har isha'i.

Yalla, maza tashi. Hannun da ya yi waccan ya sake yin wata.

Yayarki Halimatu